Ƙasa Mai Shan Ruwa

Da muka tare a Bayan Antena gidaje uku ne a unguwar, mu ne na huɗu. Mutanen cikin garin Gazawa sun sha yi mana dariya, wai Magaji ya kwashi iyalinsa ya kai su maƙwabtaka da dila. Ni kuwa ko a jikina. Shekara ashirin da biyu na yi a ɗaki ɗaya cikin gidan gado, inda in ka yi tari mutum goma za su ce maka sannu, in ka soya nama mutum goma za su zo gaishe ka. Don haka da aka ce wani ɗan kasuwa ya sayi gonakin da ke bayan dogon ƙarfen salula, ya sa katafila ta share su, ya yanka fili-fili yana sayarwa, ni na tsaya wa maigidana Magaji a wuya har ya karɓi ɗaya.

Cikin shekara huɗu gidaje suka haura sittin. Aka yi masallaci, aka kawo injin niƙa, aka kafa lakol, makarantar boko ta zana, har mai tsire ya samu kusurwa. Masu yi mana dariya su ne suka dawo suna tambaya ko da sauran fili. Kowa a unguwar baƙo ne: malaman lakol, 'yan kabu-kabu, mutanen ƙauye da suka gaji da ƙauye. Mun san kafin gidaje gonaki ne. Abin da ke wurin kafin gonakin kuwa ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambaya ba.

Abin da na fi taƙama da shi a gidana shi ne makewayi, wurin wankanmu da ke bayan zana a tsakiyar gida ta wajen gabas. Sabuwar unguwa ba ta da magudana, kullum rigimar mata a kan ruwan wanka ne, na wannan ya malala ƙofar waccan. Nawa kuwa ko tano guda, wato duro cike da ruwa, ka juye, kafin ka ɗaura zane ƙasa ta shanye. Na yi ta yi wa maƙwabciyata Asiya gori, ina cewa Allah ya ba ni ƙasa mai albarka. Bakina da ba ya shiru, har baƙi nake kaiwa su gani.

Sai 'yar farina ta zo wankan gida daga Cadawa, inda take aure. Haihuwar fari ce, ta samu namiji. Ita ma tunda 'yar fari ce ban taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "'yar nan", haka muka taso muka ga iyayenmu na yi. Amma kunya ba ta hana ni aiki ba. Safe da yamma nake tafasa mata ruwa a babbar tukunya, in zuba ganyen dogon yaro, in kai mata bayan zana. Ta zauna kan kujera 'yar tsugune tana tsoma ganyen tana fyaɗa wa jikinta, tana kukan zafi, ni kuma ina cewa ta yi haƙuri, mu ma haka aka yi mana. Kwana shida muna haka, ƙasa na shanyewa, ina jin daɗi.

Ranar jajibirin suna, bayan la'asar, Magaji ya fita rabon goro da dabino. Asiya na tsakar gida tana taya ni dakan gero, jaririn na barci a ɗakina. Na kai ruwan wanka bayan zana ke nan, na ga mai jego ta zauna, sai na ji sallama a ƙofa. Baffa Buba ne, tsohon makiyayin da ke riƙe mana tumaki, ya jawo ragon suna da igiya. Bai taɓa zuwa gidan ba, kullum Magaji ke samunsa a ruga. Yana dariya yana cewa ya ɓata sau uku cikin lunguna, wurin da a da ko ido rufe zai ratsa.

Dariyar ta tsaya ne da ya ga kututturen da ke bakin ƙofarmu, wanda nake ɗaure jaki a jiki. Ya dafa shi, ya dubi tudun arewa, ya dubi rana, ya sake duban kututturen.

"Uwar gida, wannan nan kunka iske shi?"

"Nan munka iske shi, Baffa. Katafila ta kasa tumɓuke shi. Shigo ka sha ruwa mana."

"Aduwa ce?"

"Aduwa ce."

Bai shigo ba. Ya ma ja ragon baya, kamar mai gudun kada ya taka mini tsakar gida. Na ji haushi, na zaci ko ƙyamar gidan mai jego yake yi, har na buɗe baki zan yi masa tsiya. Sai ya riga ni magana.

"Nan mashekarinmu ne tun ina saurayi," ya ce. "Akwai ɓunndu nan, rijiya, gaba ashirin da bakwai. Shekarar babban hwari ta ƙahe, munka tashi. Ba mu cike ta ba. Wa ke cike rijiya? Wata rana ruwa na komowa. Munka gitta itacen ƙirya a bakinta, munka shimhiɗa kara, munka zuba rairai bisa, munka kewaye da aguwa don kada dabba ta taka. Manoman da sunka zo bayanmu sun san aguwar, kewaye ta suke da garma. Ina aguwar, uwar gida?"

Ban taɓa ganin aguwa a wurin ba. Ranar da na fara zuwa ganin filin, fes yake kamar an share don sallar idi.

"Baffa, daga nan taku nawa ne?"

"Ban ƙirga ba. Amma da la'asar inuwar aduwar ga na kaiwa bakinta, nan muke zama."

Na juya. La'asar ce, inuwar katangarmu ta miƙe gabas, ta kwanta cikin tsakar gidana. Shekara arba'in da wani abu itace na kwance cikin ƙasa, a garin da gara ke cinye ƙyauren ɗaki cikin damina biyu. Gobe kuwa mata ɗari za su cika wurin nan, da tukwane da turame da guɗa. Na rasa ko in ɗaga ƙafar dama ko in ɗaga ta hagu.

"Ce ma waccan ta aje taɓarya," in ji Baffa. Asiya ta riga ta ajiye, ta ji komai, ta tsaya riƙe da bakin turmi. Ya rage murya. "Ki tuna da kyau. Akwai inda ƙasa ke amsawa in an taka? Ko inda ruwa ba shi tsayawa?"

Asiya ce ta dube ni, ta dubi zanar, ta sa hannu ta toshe bakinta. Daga bayan zanar muna jin ƙarar fyaɗa ganye da zubar ruwa.

"Fadila na ciki," in ji Asiya. "Baffa, mai jegon na ciki tana wanka."

"Kada a hirgita ta," ya ce da sauri. "Kada ta miƙe tsaye. A ce ta kwanta bisa ciki ta jawo jiki kamar ƙadangare. Sannu, uwar gida, sannu."

Na yi taku biyu na tsaya. Tsakanina da zanar bai fi taku goma ba, taku goman da nake yi sau ashirin a yini. Na tattaro murya mai sanyi daga inda ban sani ba.

"Ke."

Ruwa na ta zuba.

"Ke 'yar nan. Saurara."

Ba ta ji ba, ko kuma ta ji ta ɗauka da akuya nake, don haka nake kiran akuyar ma. Tana ta nishin zafin ruwa tana fyaɗa ganye. Na sake kira, Asiya ma ta kira a hankali, shiru. Sai idona ya kai kan dirkar zanar ta kusurwa. Magaji ya kafa ta da hannunsa, a miƙe take tun ranar. Yanzu tana karkacewa ciki a hankali, ba iska, ba wanda ya taɓa ta.

Duk abin da Baffa ya faɗa ya fita daga kaina. Na buɗe baki na kwarma ihu da sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar sunanta.

"Fadila!"

Wannan shi ne kuskurena, kuma har in mutu ba zan daina tuna shi ba. Yarinyar da ta shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, me za ta zata? Ta zata jaririn ne ya mutu. Na ji ta ce "Inna, yaron!" ta zabura ta miƙe da dukkan ƙarfinta.

Ba wata ƙara mai girma aka yi ba. Kamar an farke buhun gero ne, shuuu, sai zanar ta kife ciki da dirkokinta. Da tururi ya washe na ga kanta da kafaɗunta, sauran jikin babu. Ta rungume dirka ɗaya da ta faɗi a gicciye, ƙasa ta buɗe baki kewaye da ita. Kujerar ta riga ta tafi. Tukunyar na gefen ramin tana zamewa, Allah ya sa ruwan ya kusa ƙarewa, ta karkace ta wuce ta gefen kafaɗarta ta faɗa. Muka tsaya muna saurare ba da niyya ba. Na isa in yi salati cikakke kafin ƙararta ta taso daga ƙasa, 'yar ƙarama, kamar daga wani gari.

Na zabura zan ruga, Baffa ya tare ni da sanda a ƙirji. Ban san lokacin da ya shigo ba.

"In kin taka bakin, ku biyu za ku tahi. Tsani! Akwai tsani?"

Akwai na magina jingine da katanga. Asiya ta jawo shi, suka kwantar da shi a ƙasa suka tura har kansa ya haye bakin ramin. Baffa ya kwance igiyar ragon, ya tsinke igiyar shanya ya ƙulla su, ya ɗaura mini a ƙugu, ya nannaɗa ɗaya bakin a hannunsa. Asiya ta ce ita ta fi ni rashin nauyi, ita za ta je. Gaskiyarta, ni ba ƙaramar mace ba ce. Amma na riga na kwanta kan tsanin.

Ban san tsoro na da ɗanɗano ba sai ranar, bakina ya yi ɗaci kamar na tauna maɗaci. Ina jan ciki daga mataki zuwa mataki, ƙasa a jiƙe da ɗumi ƙarƙashin fuskata, tana warin dogon yaro da sabulu. Duk motsin da na yi sai in ji rairayi na tsiyaya cikin ramin. Da na kusa, iska mai sanyi ta bugo ni daga ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen itace. Na ga guntayen ƙiryar a bakin ramin, gara ta mai da su gari, saura ɓawo.

"Inna, yaron?" ta ce. Leɓenta ya yi fari.

"Barci yake. Lahiya tai lau. Kada ki dubi ƙasa, ni za ki duba."

"Inna, hannuna ya mutu."

"Bai mutu ba. Riƙe."

Na kama wuyan hannunta, ya sulɓe, duk sabulu ne da ruwa. Na sake kamawa ya sake sulɓewa, dirkar ta motsa, ta ƙara nutsewa har haɓarta ta taɓa itacen. Ta yi wani irin kuka wanda ban taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwa. Mace ce da ta haihu kwana shida, ina ta ga ƙarfin rataya? Na warware zanen jikina, ban damu da wa ke kallo ba, na zura shi ta ƙarƙashin hammatarta. Sau biyu bakin zanen na kuɓuce mini, a na uku na cafke shi ta ɗaya ɓangaren, na ƙulla, na nannaɗa a hannuwana biyu.

"Ku ja!"

Tsoho da mace ɗaya suka ja mata biyu. Igiya ta shige mini cikin nama, matakan tsani suka goge mini ƙirji. Ba ta yarda ta saki dirkar ba sai da na daka mata tsawa irin ta ƙuruciyarta. Ta saki, nauyinta duka ya dawo hannuna, na ji kafaɗata ta yi ƙas. Cikinta ya hau kan tsani, sannan gwiwoyinta. Dirkar da ta riƙe ta juya ta bi tukunya.

Har bakin ƙofa suka ja mu, ba wanda ya yarda mu miƙe. Asiya ta cire mayafinta ta rufe ta, ta ba ni ɗankwali na kare jiki, Baffa ya juya mana baya yana ta haki. Ihun da na yi ya tara unguwa, maza sun fito daga masallaci da gidaje, Magaji ya iso kan moto, babur ɗinsa, ya yar da shi a ƙasa. Ba wanda ya shiga gidan, duk suka tsaya a lungu suna leƙe. Ni ina zaune cikin rairayi rungume da ita, ina kuka ina godiya, a raina an gama.

Baffa ya karɓi salular wani ya kunna fitila, ya ce a riƙe masa igiya. Ya hau tsanin ya ja ciki ya leƙa ramin. Ya daɗe yana haskawa. Da ya dawo baya ya miƙe, fuskarsa ta fi ta ɗazu muni.

"Magaji, wannan ba tamu ba ce."

"Kamar ƙaƙa ba taku ba ce?" in ji Magaji.

"Tamu da siminti anka ɗaure ta tun daga ƙasa, ni na ga ana aikin. Wannan da itace anka ɗaure ta, ta kakanni ce. Na ji tsohhi na hwaɗin ta, ban taɓa ganin bakinta ba. Tamu ta hi ta hwaɗi sau biyu." Ya mayar wa mai salular da abinsa. "Tana nan. Ba a taɓa ta ba."

"Ina?"

Ya dubi kututture, ya bi inuwa da ido, ya wuce ramin, ya tsaya kan ɗakunan. Kamar jaririn ya ji, sai ya fara kuka daga ɗakina.

Fadila ta yunƙura, mata suka danne ta. Magaji ya fara tuɓe takalmi, maza na ba shi shawara kala-kala, wannan ya ce a fasa katangar baya, wannan ya ce a jira a kawo katako. Ban tsaya jin ƙarshen shawarar ba. Hankali ya ce mini shekara huɗu kina kwana a ɗakin nan bai rufta ba, ba yau zai rufta ba. Amma makewayin ma shekara huɗu ya yi. Na bi gindin katanga, bayana na gogar bulo, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ina ajiye kowace kamar mai taka ƙaya. Na isa ƙofar ɗaki na durƙusa na shiga da rarrafe. A daɓen simintin akwai wata tsaga da ta taso daga ƙarƙashin gado, na saba share ta da tsintsiya kullum ban taɓa kula ba. Na ƙetare ta ina riƙe da numfashi. Na jawo shi daga kan gado da hannun da ke aiki, na manna a ƙirji, na dawo yadda na je. Na miƙa wa uwarsa shi a lungu.

Washegari aka raɗa masa suna Sufyanu a ƙofar masallaci, mata suka taru gidan Asiya, ba guɗa ba rawa, kowa na takawa a hankali. Da yamma mijinta ya zo da mota ya mai da su Cadawa, can gwaggonsa ta ƙarasa mata arba'in.

Mazan unguwa suka cike tsohuwar rijiyar, amalanken jaki na ta jigilar rairayi har kwana tara. Suka bi tsakar gidana da rodi suna cakawa, suka fasa daɓen ɗakina, ba su samu komai ba. Aka sake ɗauko Baffa sau biyu. Ranar farko ya nuna ɗakin Magaji, ta biyu ya nuna bayan katanga wajen gidan wani malamin lakol, sannan ya zauna kan kututture ya ce aduwar doguwa ce, inuwar rani daban ta damina daban, itatuwan da yake gane wuri da su duk an sare, a gafarce shi. Da damina ya bi shanu arewa, a can ya rasu. Wasu suka ce tsufa ne ya ruɗa shi, rijiya ɗaya ce. Masu faɗin haka ba su ga fuskarsa ba lokacin da ya sauko daga tsani.

Muna nan a gidan. Ɗakinmu na gidan gado ƙanen Magaji ya sa amarya a ciki, filin nan kuwa wa zai saya bayan duk gari ya ji? Unguwa na ta ci gaba, gidaje sun kai har gindin tudu, sababbin zuwa ma ba su san labarin ba. Ni kaina na saba, ina girki, ina shara, ina bin gefen katanga.

Fadila na zuwa gaishe ni, amma a gidan Asiya take sauka, can nake samunta. Watan jiya suka zo, Sufyanu ya iya tafiya har da gudu. Ina tankaɗe a tsakar gida ban san sun iso ba, sai na ɗaga kai na gan shi ya shigo ƙofa shi kaɗai, ya ware hannu yana dariya, ya nufo ni ta tsakiyar fili, 'yan ƙafafunsa na dukan ƙasa. Ban san irin tsawar da na yi masa ba. Na dai ga ya tsaya cak, bakinsa na rawa, na ruga na fizge shi ta hannu ɗaya na fitar da shi lungu na dire, ina yi masa ihu kada ya ƙara, kada ya ƙara.

Jiya suka sake zuwa. Na soya masa ƙosai, na saya masa 'yar mota ta roba, na je gidan Asiya ina kiran angona ya zo ya gaishe da matarsa. Da ya ji muryata ya saki abin da ke hannunsa, ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa yana kuka. Har suka tafi bai yarda na taɓa shi ba.